Tsakuwar Matsarmama: Yaushe Take da Laifi, Yaushe Ake Ɗora Mata?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan mahauci ranar Babbar Sallah ya ga yadda hannunsa ke sassautawa idan ya iso kan hanta. Akwai wata 'yar jaka koriya manne a ƙarƙashinta, sai ya lallaɓa ya yanke ta ya yar, don in ta fashe ɗacinta ya ɓata nama. Ita ce matsarmama, wasu kuma su ce maɗaciya. Mu ma muna da ita, a gefen dama na ciki, can ƙarƙashin haƙarƙari, kuma da yawanmu za su gama rayuwa ba su taɓa tunawa da ita ba. Amma tun da na'urar hoton ciki ta wadata a birane da manyan garuruwa, sunanta ya shiga bakin jama'a. Mutum ya daɗe yana fama da kumburin ciki da gyatsa, ya ce shi da maiƙo ba sa ga maciji, a tura shi hoto, mai hoto ya ce akwai tsakuwa a matsarmama. Sai kowa a gidan ya sauke numfashi: an kama ɓarawo, saura a nemo kuɗin tiyata.

Wannan gaggawar ce ke damuna. Ganin tsakuwa a hoto abu ne guda, tabbatar da cewa ita ke jawo ciwon da ya kai mutum asibiti kuma wani abu ne daban, kuma a tsakanin su biyun ne ake asarar kuɗi da lafiya.

Hanta ce ke sarrafa ruwan ɗacin, kusan rabin lita zuwa lita guda a kullum. Matsarmama rumbun ajiya ce kawai, abin da take ɗauka bai wuce kimanin babban cokali 3 ba, sai dai tana tsotse ruwa-ruwan abin da aka ba ta har ya yi kauri. Idan abinci ya sauka daga tumbi zuwa farkon ƙaramin hanji, musamman mai maiƙo, hanjin yakan saki wani sinadari da ke umartar ta ta matse. Ruwan ya bi ta wani siririn bututu ya zuba a hanji, ya yi wa maiƙon abin da sabulu ke yi wa kwanon da aka ci man ja a ciki. Tsakuwa na haɗuwa ne idan sinadarin kolestorol, wani nau'in kitse, ya fi ƙarfin abin da ruwan ke iya narkarwa, kamar sukarin da ya yi yawa ya kwanta a ƙasan kofin shayi, ballantana idan jakar ba ta matsewa ta zubar da abin cikinta yadda ya kamata. Wata tsakuwar kamar ƙwayar gero take, wata takan kai ƙwan zabo. Ta fi kama mata, musamman waɗanda suka yi haihuwa da yawa, da masu ƙiba, da waɗanda suka haura shekara 40, da masu gadonta, da wanda ya rame cikin gaggawa. Akwai kuma wata iri, baƙa, wadda ke samuwa idan jajayen ƙwayoyin jini na yawan fashewa. Zan dawo kanta domin ta shafe mu sosai.

A Turai da Amurka, kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na manya suna ɗauke da tsakuwa, kuma kusan kashi 80 cikin 100 nasu ba su san tana nan ba. A 1982 likitoci biyu, Gracie da Ransohoff, suka fitar da sakamakon bibiyar wasu ma'aikatan Jami'ar Mishigan su 123 da aka gano musu tsakuwa a gwajin lafiya alhali ba abin da ke damunsu. Bayan shekara 5, kashi 10 cikin 100 ne suka fara ciwo. Bayan shekara 15, kashi 18. Sauran sun ci gaba da harkokinsu da tsakuwarsu a ciki. Shi ya sa a yau likitoci ba sa gaggawar cire matsarmamar da tsakuwarta ke kwance shiru.

To batun maiƙo fa? A nan ne hankali ke yaudarar mutum, domin lissafin yana da daɗin ji: maiƙo ke sa matsarmama ta matse, akwai tsakuwa a matsarmama, ashe duk wanda maiƙo ke ɓata wa ciki tsakuwa ce ke damunsa. Likitoci ma sun daɗe a kan wannan fahimta, har aka riƙa koyar da ɗalibai cewa kumburi da gyatsa da ƙin maiƙo alamomin ciwon matsarmama ne. A 1963 wani likita a Birtaniya, W. H. Price, ya gwada maganar ta hanya mai sauƙi. Ya tambayi mata 142 'yan shekara 50 zuwa 70 abin da suke ji a cikinsu, sannan aka duba matsarmamarsu. Kusan rabin masu matsala a matsarmama sun ce suna da irin wannan ɓacin ciki. Kusan rabin masu lafiyayyar matsarmama ma haka suka ce. Daga baya, da na'urar hoton ciki ta samu, aka maimaita irin wannan a kan dubban mutane a birnin Kofanhegan na Danmak da kuma garuruwan Italiya a shekarun 1980, kuma amsar ba ta sauya ba: gyatsa, kumburi, ƙwannafi, yawan iska da jin nauyi bayan cin maiƙo duk suna nan a jikin masu tsakuwa da marasa ita kusan daidai wa daida.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Maiƙo na da nasa aikin a ciki wanda ba ruwansa da matsarmama. Yana sa abinci ya daɗe a tumbi kafin ya wuce, shi ne nauyin da ake ji bayan an cika ciki da ƙosai ko balangu mai kitse. Yana kuma sassauta ƙofar da ke tsakanin bututun abinci da tumbi, ruwan tsami ya taso, ga ƙwannafi. Wannan na iya samun kowa. Idan abu biyu duk sun yawaita a cikin jama'a, wato ɓacin ciki da kuma tsakuwa mai shiru, dole a riƙa samun su a jikin mutum guda ba tare da ɗaya ya haifi ɗaya ba. Mace mai shekara 45, mai 'ya'ya shida, mai ɗan jiki, tana cikin waɗanda tsakuwa ta fi kamawa, tana kuma cikin waɗanda ƙwannafi da kumburi suka fi damu. Hoto zai nuna tsakuwar domin ita ake iya gani. Ƙwannafi ba ya fitowa a hoton.

Tsakuwa na da nata ciwon, kuma wanda ya taɓa ɗanɗana shi ba ya haɗa shi da kumburin wake. Yana zuwa ne idan jakar ta matse, tsakuwa ta gangaro ta toshe bakin bututun, jakar na turawa ba hanya. Ciwon kan tsaya a ƙahon zuciya ko ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ya hau da sauri cikin 'yan mintoci, sannan ya dage a wuri guda ba sassauci. Ba irin murɗawar nan ba ce mai kamawa ta saki. Sau da yawa yana harbawa baya, zuwa allon kafaɗar dama ko tsakanin kafaɗu. Yakan kai aƙalla kwata ko rabin awa, yana iya kai awa 4 ko 5, sannan ya lafa a hankali ya bar wurin da tsami. Mai shi ya kasa zama ya kasa kwanciya, yana ta juyi yana neman yadda zai ji sauƙi, ga zufa, ga tashin zuciya, wani lokaci har amai. Gyatsa ba ta rage shi, zagayawa bayan gida ba ta rage shi, maganin olsa ma haka. Yana yawan zuwa da dare, har ya tashi mutum daga barci. Wani lokaci yana biyo bayan abinci mai nauyi da awa ɗaya ko biyu, wani lokaci kuma ba abin da aka ci da za a kama. Abin da ya fi bambanta shi kuwa, idan ya wuce ya wuce: mutum ya yi makonni ko watanni garau kafin ya sake dawowa. Ciwon da ke tare da kai kullum, safe da yamma, shekara da shekaru, yana ƙaruwa yana raguwa amma ba ya tafiya, da wuya a ce tsakuwa ce.

Idan ba tsakuwa ba ce, mene ne? A ƙasar nan, na farko a layi shi ne tumbi da kansa. Ƙwayar cutar nan Helikobakta, wadda Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya suka danganta da gyambon ciki har suka samu kyautar Nobel a 2005, ta yi katutu a wurinmu. Wani bincike da Holcombe da abokan aikinsa suka yi a yankin Maiduguri, wanda ya fito a 1992, ya samu alamarta a jinin kusan kashi 85 cikin 100 na waɗanda aka gwada. Ba duk mai ɗauke da ita ke ciwo ba, amma ga mai fama da zafi a ƙahon zuciya, gwajinta ta numfashi ko ta bahaya da maganinta na kusan mako biyu sun fi tiyata araha nesa ba kusa ba. Sai magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen da ake saya a kemis a sha ba ƙa'ida, su ma suna cin bangon tumbi. Akwai kuma mutane masu yawan gaske da za a leƙa tumbinsu da na'ura a ga lafiya lau, hanjinsu ma haka, amma jijiyoyin cikin nasu sun cika saurin jin motsi da cika, abin da wani zai ci ya wuce su sai ya tsaya musu. Ciwonsu na gaskiya ne, kuma yana da hanyoyin magani, sai dai wuƙa ba ta cikinsu.

Shi kansa rashin jituwa da abinci yana da tushe iri-iri, kuma mafi yawansu a hanji suke. Madara ce babban misali. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen duniya, bayan yaye, jikinsu na rage sinadarin da ke narkar da sukarin madara. Sukarin ya wuce babban hanji, ƙwayoyin halittar da ke can su ruɓar da shi, sai kugin ciki da iska da zawo. A 1971 mujallar Lancet ta buga binciken da Norman Kretchmer ya yi tare da likitocin Najeriya, ciki har da Olikoye Ransome-Kuti wanda daga baya ya zama ministan lafiya. Sun samu cewa mafi yawan Fulani makiyaya na narkar da madara ba matsala, kusan dukkan manyan Yarabawa da Ibo da aka gwada ba sa iyawa, Hausawa kuma suna tsakiya, da yawansu ba sa iyawa. Wannan ne ya sa za ka ga mutum ya sha fura da nono lafiya, amma shayi mai kaurin madara ya hana shi sakat, domin tsamin nono da kindirmo ya riga ya cinye wani kaso na sukarin. To shi shayin mai madara, galibi da me ake haɗa shi? Da soyayyen ƙwai da burodi mai bota. Ciki ya ɓaci, a ce maiƙo ne, daga maiƙo a tsallaka zuwa matsarmama. An bar jaki ana dukan taiki.

Wake ma haka. Yana ɗauke da wasu nau'o'in sukari da babu ɗan Adam ɗin da hanjinsa ke narkar da su, shi ya sa ƙosai da alale da ɗanwake ke kumbura ciki ko an soya ko ba a soya ba. Albasa da tafarnuwa da alkama na yi wa wasu irin haka. Ga kuma ƙwayar jiyadiya da ake sha a gurɓataccen ruwa, wadda ke kawo kumburi da gyatsa mai wari da bahaya mai maiƙo.

Me ya sa wannan bambancewar ke da muhimmanci haka? Saboda abin da ke biyo bayan tiyata. Aikin cire matsarmama tsohon aiki ne: Carl Langenbuch ya fara yin sa a Balin a 1882, sannan a 1985 wani likitan Jamus, Erich Mühe, ya yi shi ta 'yan ƙananan huda da na'urar leƙe, hanyar da ta zama ruwan dare a yanzu. Aiki ne mai kyau ga wanda ya dace da shi. Mai ainihin ciwon tsakuwa, wanda na siffanta a sama, galibi yana rabuwa da shi bayan an cire jakar, kuma mutum na rayuwa lafiya ba matsarmama, domin hanta na ci gaba da zuba ruwanta kai tsaye cikin hanji. Amma a duba abin da ya fito daga ƙasar Holan a 2019. An bibiyi mutum 1,067 a asibitoci 24, dukkansu masu ciwon ciki da tsakuwa a hoto, kuma an yi wa mafi yawansu aikin. Bayan shekara guda, kusan 4 cikin kowane 10 na nan da ciwon ciki. An cire tsakuwa, tsugune ba ta ƙare ba. Wani bincike na Birtaniya da ya fito a 2023, a kan mutum 434 masu ciwon tsakuwa marar rikici, ya samu cewa bayan wata 18 babu wani bambancin a zo a gani ta fuskar ciwo tsakanin waɗanda aka tura tiyata da waɗanda aka fara lallaɓawa da magani da sa ido. Wannan a ƙasashen da inshora ko gwamnati ke biyan kuɗin ke nan. A wurin da iyali za su sayar da dabba ko fili kafin su haɗa kuɗin aiki, ina ganin haƙƙin mara lafiya ne a gaya masa tun kafin a shiga da shi: wane ciwo ake sa ran aikin zai raba shi da shi, wanne ne kuma zai iya biyo shi gida. Aikin kuma, komai sauƙinsa, yana da nasa haɗarin. Akan ji wa babban bututun ruwan rauni, ko da yake ba kasafai ba, wasu kuma kan samu sakin ciki na wani lokaci bayan aikin.

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka tsakuwa abar wasa ce. Kuskure na biyu ya fi na farko haɗari, kuma a ganina ya fi yawa a wurinmu, inda duk ciwon da ya tsaya a saman cibiya sunansa olsa. Mutum ya shekara uku ciwon tsakuwa na kayar da shi duk bayan wata biyu, yana shan farin maganin olsa da jiƙon kanwa, ciwon ya lafa don kansa kamar yadda ya saba, a ce magani ya yi aiki. Ranar da tsakuwar ta toshe ta ƙi sakin hanya, jakar kan kumbura ta kamu da ƙwayoyin cuta. Idan ta gangara babban bututu, ruwan ɗacin ya koma jini, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayin da ba madara, bahaya ya yi fari. A nan ma sai a ce shawara ce a tafi neman saiwa, alhali wannan shawarar ta toshewa ce, sai an buɗe hanya. Idan kuma ta toshe mahaɗar da babban bututun ke rabawa da fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, wannan gaɓa kan kumbura, kuma ciwo ne da ke iya kisa. Saboda haka ciwon da ya wuce awa 6 bai lafa ba, ko ya zo da zazzaɓi da rawar ɗari, ko da rawayar ido, ko da aman da ya ƙi tsayawa, na asibiti ne a daren, ba sai gari ya waye ba. Dattijo ko mai ciwon sukari ko hawan jini da ciwo ya tokare wa ƙahon zuciya da zufa, a duba zuciyarsa tukuna, domin bugun zuciya na iya zuwa da wannan kama. Ramewa ba dalili, baƙin bahaya, aman jini ko wahalar haɗiya kuwa suna bukatar a leƙa tumbi, ko da hoto ya nuna tsakuwa.

Sai batun baƙar tsakuwa. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan masu sikila, inda ake haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita a shekara. Jajayen ƙwayoyin jininsu ba sa daɗewa suke fashewa, hanta na ta kwashe ragowar tana zubarwa ta ruwan ɗaci, sai ya dunƙule. Don haka su duk siffar nan ta mace mai ƙiba 'yar shekara 40 ba ta aiki a kansu: yaro siriri ɗan shekara 10 ko 12 na iya samun tsakuwa. Abin da ke rikita lamarin shi ne mai sikila dama yana da ciwon ciki na tashin cutarsa, dama idonsa na ɗan yin rawaya. Uwar da ta lura cewa wannan karon ciwon ya tsaya a dama, ko bai zo da ciwon ƙashin da aka saba ba, ko rawayar ta fi ta kullum, ta faɗa wa likita ta nemi a yi hoto. Hoton ba ya ciwo, ana yin sa ne bayan awa 6 zuwa 8 ba a ci komai ba don jakar ta cika, kuma yana kama fiye da kashi 90 cikin 100 na tsakuwar da ke cikin jakar. Hoton ƙashi na yau da kullum kuwa mafi yawansu ba ya nuna su.

Game da abinci, wanda aka tabbatar yana da ciwon tsakuwa yana da kyau ya rage soye-soye da kitse, ya daina tara yunwa sannan ya auka wa abinci mai nauyi a zama guda. Ko a buɗa-baki, a fara da mai sauƙi. Wannan na iya rage yawan tashin ciwon, amma ba ya narkar da tsakuwa. Yanke maiƙo kwata-kwata da horar da kai da yunwa kuwa na iya ƙara dagula lamarin, domin jakar da ba ta samun dalilin matsewa ruwanta kwanciya yake, kuma ramewar da ta wuce kilo ɗaya da rabi a mako sananniyar hanya ce ta haɗa sabuwar tsakuwa. Akwai ƙwayar magani da ke narkar da ƙananan tsakuwar kolestorol, sai dai tana ɗaukar watanni zuwa shekara biyu, ba ta yi wa baƙar tsakuwa komai, kuma kusan rabin waɗanda ta yi wa aiki tsakuwar kan dawo musu cikin shekara 5. Shi kuwa haɗin man zaitun da ruwan lemon tsami da ake yaɗawa a WhatsApp da Facebook, wai yana wanke matsarmama a dare ɗaya, an gwada abin da ke fita bayan shan sa. A 2005 masu bincike a Niyu Zilan suka auna korayen dunƙulen da wata mata ta fitar, suka samu babu kolestorol ko launin ɗaci a cikinsu. Man da ta sha ne ya haɗu da ruwan ciki ya daskare kamar sabulu. Tsakuwarta ta gaskiya na nan, sai da aka yi mata aiki. Ga mai tsakuwa, kwankwaɗar rabin kofi na mai hanya ce ta sa jakar ta yi matsa mai ƙarfi a kan abin da zai iya toshe ta.

Abin da ya fi taimakon likita a wannan matsala bai kai kuɗin hoto ba. A samu ƙaramin littafi, ko a rubuta a waya, na mako uku ko huɗu: me aka ci, da ƙarfe nawa, ciwon ya fara ƙarfe nawa, ina ya tsaya, ina ya harba, minti ko awa nawa ya yi, me ya kwantar da shi, kwana nawa aka yi lafiya kafin ya dawo. Wanda ke zargin madara ya bar ta mako biyu ba tare da ya canza komai ba, sannan ya koma mata ya gani. Haka wake, ɗaya bayan ɗaya, kada a yanke abinci biyar a lokaci guda a rasa wanda ya yi tasiri. Ranar ganin likita a miƙa masa wannan littafin kafin a miƙa takardar hoto.